Hancin Giyabos

"A gaban yaransa? A gaban masu kawo gyara? Ka buɗi baki ka ce wa Yaya ɓarawo?"

"Na faɗa. Ya zo nan yanzu in maimaita masa."

Auta na tsaye a ƙofar ɗaki da jaririya a kafaɗa. Wayar da matar yayanta ta gama yi mata kuka a ciki tana hannunta, ko hucewa ba ta yi ba. Mijinta, wanda duk tashar masu ɗaukar kaya ke kira Dogo, yana tsugune a gefen tsohuwar akori-kurarsa a tsakar gida, ko ɗagowa bai yi ba. Ya zura hannu ƙarƙashin motar ya jawo kwalin da ya shimfiɗa tun jiya, ya wurgo shi gabanta. A tsakiyar kwalin ga tabon mai nan, faɗin faranti, sai ƙyalli yake yi.

"Ga shaidata," in ji shi. "Sau biyu yana canza min sil, robar nan da ke hana mai zuba. Na biyun da ƙafata na je na sayo sil mai kyau, na danƙa masa a hannu. Ba a je ko'ina ba ta koma zuba. To ina nawa ya shiga? Aljihunsa ya shiga, ya liƙa min jabu."

"Yaya ne zai saci roba? Robar da ba ta fi bakin kofi ba?"

"Ki je ki tambaye shi. Au, na manta, ba za ki ba. Na gaya miki jiya, ba zai sake taka min gida ba, ke ma kin gama zuwa garejin nan."

Jiyan da ya faɗa, ta ɗauka gajiya ce da zafin rana, irin faɗan maza da ke kwana ya huce. Sai yau ta ji sauran labarin: yadda ya tsaya a tsakiyar gareji yana ɗaga murya har masu shagunan gefe suka fito kallo, yadda Yaya ya ajiye sifana a hankali, ya goge hannu, ya shige ciki. Matarsa ta ce ko abinci bai taɓa ba.

Ran Auta ya ɓaci. Yaya! Mutumin da ya ajiye karatunsa ranar da mahaifinsu ya rasu, ya ɗauki kayan aikin tsohon ya tsaya a gareji don kada ita ta bar makaranta. Shi ya yi mata kitson farko bayan rasuwar uwarsu, da yatsunsa masu baƙin mai, kitson da ya karkace har ƙawayenta suka yi mata dariya, ita kuwa ta ƙi yarda a tsefe. Shi ne kullum in ya rufe gareji sai ya biyo ta nan, ya miƙa wa jaririyar nan yatsa ta damƙe, ya ce, "Kai! Wannan ai filaya ce." Sunan kuwa ya bi ta, har uban ma Filaya yake kiranta. Yau shi za a rufe wa ƙofa a kan roba?

"Zan je in ɗauko wani bakanike," in ji Dogo yana kakkaɓe gwiwa. "Wanda ya san Allah."

Makullin motar na rataye a ƙusa a jikin ƙofa. Ta riga shi kai hannu, ta soke shi a zaninta.

"Ke, mene ne haka?"

"Riƙe 'yarka."

"Ba ni makullina."

"Maigida, na ce ka riƙe 'yarka. Babu wanda zai taɓa motar nan sai na ga inda take zuba da idona. In jabu Yaya ya sa maka, ni da bakina zan ce masa kada ya sake zuwa. In kuwa ba haka ba ne…"

Ba ta ƙarasa ba. Ta ɗora masa yarinyar a ƙirji, dole ya rungume, Filaya kuwa nan take ta damƙi gemunsa.

"Tela za ta gyara mota," ya ce yana ƙoƙarin ƙwace gemun. "Yau na ga ta kaina. Da allura za ki ɗinke ta?"

"Kafin in riƙe allura sifana na riƙe. Ka manta a inda ka same ni?"

Ta shiga ɗaki ta zura tsohon wandonsa da wata rigarsa da ta mutu, ta ɗaure kai tamau. Ta fito da kananzir, da tsummoki, da bokitin ruwan sabulu, da tocila, da gwangwanin hodar jaririya. Ta tokare tayoyi da duwatsu, ta shimfiɗa buhu, ta kwanta rigingine ta ja jiki ta shige.

Warin ne ya fara tarbarta. Man giya ba ya ɓuya, warinsa kamar ruɓaɓɓen ƙwai ne da aka kwaɓa da ƙarfe. Ya tuna mata watannin da take ɗauke da Filaya, lokacin da Dogo ke kai ta awo a motar nan. Ba sa kai ƙarshen layi take buga ƙofa ya tsaya ta yi amai. Sai wata rana warin ya ɗauke ɗif, ta ɗauka jikinta ne ya saba. Ta kunna tocila.

Ko'ina ya jiƙe. Giyabos ɗin, wato akwatin giya, da ƙarfen da ya tallafe shi, da furofela mai juya tayoyin baya, har bayan salansa, duk sun yi baƙi da dalala. Ta dangwala ta murza: mai kauri, ruwan zuma a ƙarƙashin dattin. Ba na inji ba ne, ba kuma na birki ba. Amma daga ina? In mota na gudu iska ce ke kwashe man ta shafe shi a duk abin da ke baya, wanda ya duba inda ya fi jiƙa kuwa sai ya kama wurin da bai ci ba bai sha ba. Haka Baba yake cewa tun tana 'yar mitsitsiya tana miƙa masa noti: a wanke tukuna, sannan a yi tambaya.

Ta wanke. Kananzir da tsumma, kananzir da tsumma, baƙin ruwa na gangaro mata ta gwiwar hannu har hammata. Duk gogar da ta yi, da fushi ta yi ta. Ɓarawo. Ɓarawo. Ta bi da ruwan sabulu, ta tsane da busasshen tsumma, har ƙarfen ya fito fari-fari kamar furfura, irin kalar da ba ta jin Dogo ya taɓa sanin motarsa na da ita.

"Ki ƙara da turare," in ji shi daga sama. Ƙafafunsa kawai take gani suna kai da kawowa, yana jijjiga yarinya.

"Miƙo min sifana."

"Wacce?"

"Wadda ba ka san amfaninta ba. Duk ɗaya ne, turo akwatin kayan aikin."

Ya turo akwatin da ƙafa. Ta kwance notin da ke gefen giyabos, wanda ta nan ake ɗura mai, ta zura ɗan yatsa ta lanƙwasa. Ya fito a bushe, sai can ƙarshensa ne ya ɗan taɓo danshi.

"Haka kake yawo da ita? A bushe?"

"Yayanki ya bushe ta."

Ta cije leɓe. Ta sa ya miƙo jarkar man da ke bayan kujera, ta zura tiyo, ta matsa a hankali har sai da man ya fara dawowa ta bakin ramin, alamar ya ƙoshi. Ta ɗaure notin ta goge. Sannan ta ɗauki hodar. Ta bulbula ta a tafin hannu tana hurawa, tana watsawa, gaba da baya da gefe, inda furofela ta shiga, inda wayar mitar gudu ta fito, duk wata gaɓa da aka haɗa da noti. Ƙamshin jaririya ya cika ƙarƙashin tsohuwar mota.

Da ta fito, fuskarta fari fat, gira da gashin ido duk hoda, sai baƙin layi a kumatu. Ta ga gefen bakin Dogo ya motsa.

"Ka yi dariyar," ta ce. "Don Allah ka yi ta."

Ya haɗiye dariyar.

Ta wanke hannu da fuska ta karɓi yarinyar, ta wurga masa makulli. "Tuƙa. Sai ta yi zafi sosai za mu dawo."

Suka fita. Suka wuce mai faci, suka wuce shagon katako, suka hau babban titi. Giyabos na ɗan kuka a giya ta uku, siririn kuka irin na sauro. Auta ta kafa ido a kan gilashin da ya tsage tun kafin aurensu, ba ta so ta dubi hannunsa a kan sitiyari, don ta san hannun, kuma zuciya ba ta da kunya. A motar nan ya fara zuwa garejin Yaya, ranar ita kuma ta kawo abincin rana. Kashegari ya dawo wai yana jin ƙara a taya. Jibi ya dawo wai fitila na lumshewa. Da abin ya yi yawa Yaya ya rufe bonet ya ce, "Malam, motarka lafiyarta ƙalau, mai ita ne ba shi da lafiya. Maganin naka kuwa sai azahar yake zuwa." Gareji ya kwashe da dariya, Dogo ya rasa inda zai sa kansa. Yaya ne ya tsaya masa a gaban dangi lokacin da ake cewa direba ba ya zama a gida. Yaya ne ya ce, "Na ga yadda yake riƙe motarsa, zai riƙe mace."

Ta ji hawaye na tahowa, ta mayar da su da ƙarfin tsiya. Ba yau ba. Ba a gabansa ba.

Da suka dawo tsakar gida ta miƙa masa yarinyar, ta mayar da duwatsun, ta sake shigewa. Zafin ƙarfe ya bugi fuskarta. Ta haska.

Farar hodar ta yi aikinta. Ga siririn baƙin layi nan ya gangaro daga inda furofela ta shiga, wato daga sil ɗin da ake rigima a kansa. Gabanta ya faɗi. Nan take ta ga kanta tsaye a gaban Yaya tana faɗa masa abin da ta yi alkawarin faɗa. Sai ta matsa da tocilar. Ga wani layin daga wurin wayar mitar gudu. Ga wani kuma yana saukowa daga sama, daga gindin sandar giya. Can a gaba ma, inda murfi ya haɗu da jiki, hodar ta yi duhu-duhu kamar goshin mai zazzaɓi.

Ko'ina. A lokaci ɗaya.

"Ya aka yi?" in ji Dogo. "Kin yi shiru. Kin ga aikin ɗan'uwan naki?"

"Tsuguno."

"Ina riƙe da yarinya."

"Tsuguno da ita. Ka kasa kunne."

Ta naɗe hannu da tsumma, ta sa sifana a notin gefen nan, ta sassauta shi kaɗan. Sai ga wani huci ya fito, fssss, dogo, kamar an sace wa taya iska, da ɗan feshin mai a bayansa. Filaya ta zabura ta buɗe ido.

"Mene ne wannan?"

"Numfashi ne," ta ce, ta ɗaure notin ta fito. Ta zauna a ƙasa, ba ta san ko murna ce ko ƙarin fushi ba. "In wuri ɗaya ke zuba, sil ne ya mutu. In kuwa ko'ina na gumi, to akwatin ne ya kasa numfashi. Mai in ya yi zafi iskar ciki kumbura take yi. Akwai ɗan hanci a samansa da take fita ta nan. In ya toshe, dole ta nemi hanya, sai ta turo man ta duk inda ta samu. Ka sa sil na zinariya ma sai ta turo."

Ta ɗago ta dubi Dogo.

"Yaya bai ce ka bar masa motar ta wuni ba? Bai ce yana so ya buɗe ta sama ya duba ba?"

"Kaya na jirana. Ba ni da lokacin—"

"Sau biyun duka?"

"Na ce miki kaya na jirana!"

"Kaya na jiranka. Amma zagi ka samu lokacinsa."

Ta miƙe ta buɗe ƙofar direba, ta yaye tabarmar robar da ke ƙasa. Hancin ba ya ganuwa ta ƙasa, sai an cire farantin da ke kewaye da sandar giya. Ta ɗauko sukundireba.

"Babu komai a nan," in ji Dogo a bayanta. Muryarsa ta canza, ta yi ƙasa.

"Ka taɓa dubawa ne?"

"Na ce babu komai. Bar shi haka nan, zan kai ta wani wurin."

Ta waiwayo ta dube shi. Ya kawar da ido ya shiga gyara wa Filaya hula, hular da babu abin da ya same ta. Ta juya ta ci gaba da kwancewa. Sukurorin ba su yi mata gardama ba ko kaɗan, abin da ya ba ta mamaki a motar da komai nata ya yi tsatsa. Ta ɗaga farantin tare da robar da ke rufe gindin sandar, robar ta yage ta gefe, tsohuwar yaga ce har bakinta ya bushe. Ta haska ramin, ta zura hannu.

Laka take tsammani, ko gidan zanzaro. Abin da yatsunta suka taɓo dunƙule ne mai tauri kamar dutse, mai santsi, an mulmule shi da kulawa. Ta kankare dattin da farce. Gam ne, irin mai kala biyu da ake kwaɓawa ya daskare. An naɗe ɗan murfin hancin da ƙyalle, an ɗaure, sannan an shafe shi da gam ta ko'ina, ba a bar ko hujin allura ba. Wani gefen ƙyallen ya leƙo. Ta goge shi da babban yatsa.

Ruwan ƙwai ne, da ƙananan furanni shuɗaye.

Ta san yadin. Ita ta zaɓe shi, ita ta yanka, ita ta ɗinka wa kanta doguwar riga mai faɗi da shi lokacin da cikin Filaya ya hana ta shiga sauran kayanta. Ragowar ƙyallayen suna cikin kwandon da ke ƙarƙashin keken ɗinkinta.

Ta daɗe a durƙushe kafin ta fito da kanta daga motar.

"Maigida."

Ta miƙe ta fuskance shi.

"Wa ya shiga kwandon ƙyallayena?"

Ya sauya wa yarinyar kafaɗa. Ya dubi katanga, ya dubi bokiti, ya dubi ƙasa. Dogon mutum, sai ga shi ya rage tsawo.

"Amai kike yi," ya ce da ƙyar. "Kullum in zan kai ki awo. Har kin rame, idonki ya faɗa. Kika ce warin motar ne. Na wanke ta, na sa turare, bai hana ba. Sai na bi warin da hancina har na buɗe nan, na ga wani ɗan murfi yana gumi yana rawa. Na ɗauka lalacewa ya yi. Kuma ai warin ya ɗauke. Kin daina aman."

Wayyo zuciya! Auta ta ji wani abu mai ɗumi ya kwararo mata a ƙirji ba da izininta ba. Ta gan shi a ranta, wannan ƙaton mai tsawa, a durƙushe cikin mota yana shinshina ƙarfe kamar mage, yana satar ƙyallenta, yana mulmula gam da manyan yatsunsa don kada ta sake yin amai, kuma bai taɓa faɗa ba. Da wata rana ce da ta faɗa jikinsa. Amma ɗumin na sauka ya tarar da wutar da ke ci tun safe, sai wutar ta ƙara tashi. Don me zai zama mai kirki a ɓoye, mugu a bainar jama'a?

"Kada ka kuskura," ta ce. "Kada ka kuskura ka sa ni kuka yau. Yaya bai tambaye ka ko wani ya taɓa giyabos ɗin nan ba?"

"Ya tambaya."

"Ka ce me?"

"Na ce a'a."

"Ka ce a'a!"

"To in ce masa me? In ce na kwana biyu ina shinshinar mota saboda ƙanwarsa? Kin san bakinsa. Kafin la'asar duk tasha ta ji, a sa min sabon suna. Kuma wallahi ban taɓa kawowa wannan ɗan abin ne ba. Me ya haɗa murfin sama da zubar ƙasa?"

"Ba ka sani ba. To ba laifi ba ne mutum ya rasa sani. Amma da ba ka sani ba, sai ka ce ban sani ba, ba ka ce ɓarawo ba! Kai kana tsoron a yi maka dariya a tasha, shi kuma ka tsaya a wurin cin abincinsa ka kira shi ɓarawo. Wa zai sake bar masa mota da kayan gyara a ciki? Ka yi tunanin wannan? Sunan Baba ne a kan allon garejin nan!"

Filaya ta fashe da kuka. Dogo ya shiga jijjiga ta, yana shshsh, bai ɗago ba.

Auta ta koma cikin motar da sukundireba da ƙaramar guduma. Ta bi gam ɗin a hankali tana ɓantara, don kada ɓarɓashi ya faɗa ciki. Ya yi taurin kai kamar mai shi, sai da ta ɓare fatar yatsa kafin dunƙulen ya rabu biyu ya fito da ƙyallen a manne. Ta sa shi a aljihu. Ta kwance hancin, ta jiƙa shi a kananzir, ta zura siririyar waya ta sosa, ta sa baki ta hura. Da farko shiru, sai kuma iska ta wuce, fiii. Ta mayar ta ɗaure, ta taɓa ɗan murfin da yatsa, ya yi rawarsa, kwas-kwas, yadda aka yi shi ya yi.

Ta ɗago yagaggiyar robar ta nuna masa. "Ga abin da ke shigo da wari nan. Ita ce ta yage. Da ka tambayi Yaya, da ya canza maka ita kafin ka gama shan shayi, ka kuma sha dariyarka ta kwana biyu, a wuce wurin."

Ta mayar da faranti, ta sake shiga ƙasa ta goge layukan nan tas, ta ƙarar da sauran hodar a kansu. Wannan karon shi kaɗai ya fita. Ita ta wanke jiki, ta sauya kaya, ta ƙulle dunƙulen gam ɗin a gefen zani, ta zauna a bakin ƙofa tana ba Filaya nono, tana kallon tabon da mai ya bari a siminti. Yarinyar ta kama yatsanta ta damƙe. Auta ta sunkuyar da kai, a nan ne kukan ya ƙwace mata, ta yi shi da sauri-sauri, ta share kafin ta ji ƙarar motar.

Ya daɗe. Da ya dawo inji har ƙas-ƙas yake yi don zafi. Bai jira ta ba, shi ya mayar da duwatsun, ya ɗauki tocila ya kwanta ya shige, dogayen ƙafafunsa a waje. Ta matso kusa da motar.

"Faɗa min," ta ce.

"Fari ne."

"Wurin sil ɗin fa?"

"…Fari ne."

"Wato sil ɗin da ka sayo da ƙafarka, wanda aka sace, yana nan inda Yaya ya sa shi, yana aikinsa."

Ya fito, hoda a goshinsa da gemunsa. Ita ba ta yi dariya ba. Ya zauna a kan taya yana juya tocilar a hannu.

"To shi ke nan," ya ce. "Ta gyaru, alhamdu lillahi. Hannunki na da kyau. Ki ce masa ya zo da yamma ya ga 'yarsa, ƙofa a buɗe take."

"In ce masa?"

"To zan kira shi a waya."

"A waya ka zage shi?"

"Haba, Auta. So kike in je in tsaya a gaban yaran nan da masu shaguna in ce musu me? In ce ni na toshe motata da hannuna, da ƙyallen matata? Ai na gama yawo a garin nan."

"Shi da ka gama masa yawo jiya fa?"

"Ɗan'uwanki ne, zai huce. A bari ƙura ta lafa, bayan kwana biyu sai—"

"Kwana biyun mutane na wucewa ta ƙofar garejinsa suna nuna shi da baki."

"Ba zan iya ba," ya ce, ya ɗan ɗaga murya, tsohuwar tsawar na neman dawowa. "Ki ce in yi komai, ban da wannan."

Ta dube shi sosai, da hodar 'yarsu a gemunsa da kunyar da ta cika masa ido. Tana son mutumin nan har cikin ƙashinta, shi ya sa ma ba za ta yarda ya ƙare a haka ba. Ta miƙe. Ta zare makullin daga jikin mota, ta ture duwatsun da ƙafa, ta je ta wangale ƙofar gida. Ta dawo ta ɗora masa Filaya a cinya, ta ciro dunƙulen gam ɗin ta ajiye a kan dashbod, gefen ƙyallen yana sama. Sannan ta hau kujerar direba, ta jawo ta gaba yadda ƙafarta za ta kai kuloci, kamar yadda Yaya ya koya mata a filin bayan gareji. Ta murza makulli, tsohuwar ta amsa. Ta miƙa hannu ta tura ɗaya ƙofar ta buɗe.

"Garejin Yaya za ni yanzu, tun mutanen jiya ba su watse ba," ta ce da ƙarfi, yadda ƙarar inji ba za ta danne ta ba. "In ka hau, kai za ka faɗa musu da bakinka, ni kuma in tsaya a gefenka, duk wanda ya yi maka dariya ya yi da ni. In ba ka hau ba, miƙo min 'yata. Ni zan faɗa, kuma a can za mu zauna har ranar da ka zo ka faɗa da kanka."